Daɓen da Aka Yi wa Saar

A layinmu na bayan tashar jiragen ruwa, kowa yana da abin faɗa a kan Sjoerd Hiemstra. Mai gidan burodi ta ce shekara talatin yana saye a wurinta, bai taɓa cewa ya yi daɗi ba. Waɗanda suka yi aikin shimfiɗa bulon titi tare da shi sun ce idan ya jera layi ko wuƙa ba ta shiga tsakani, kuma idan ya take maka ƙafa ba zai ce sannu ba, sai dai washegari ka tarar an gyara maka ƙyauren lambu. Ƙanwarsa ta ce duk maganar da aka raba wa gidansu ita ta kwashe, shi hannu kawai ya samu.

Ni bango ɗaya ya raba ni da shi. Ƙarfe goma na kowace safiya nakan shiga mu sha kofi, biskit ɗai-ɗai, mu zauna muna kallon Saar.

Saar kififiya ce, ta 'yarsa Froukje. Tana shekara bakwai aka saya mata ita, ba ta wuce murfin kwalba ba. Yanzu ta kai faranti, tana cikin tankin gilashi mai tsawon gado a falo. Froukje kuwa shekara goma sha ɗaya rabonta da gidan. Lokacin da uwarta ta kwanta asibiti, Sjoerd bai kira ta ba. Ya ce a bari jikin ya yi sauƙi tukuna, kada a tayar wa yarinya da hankali tana karatu. Ta iso bayan an rufe fuskar uwar da awa biyu. Da aka dawo daga maƙabarta ta ɗauki jakarta ta tafi. Kififiyar ta bari saboda ɗakinta a birni ba zai ɗauki tanki ba.

Tun daga nan, kowace sabuwar shekara kati yakan zo da kalma biyu: Yaya Saar? Shi kuma ya aika da hoton Saar, ba ko harafi a baya.

Bana katin ya zo a watan Afrilu. Ta sami gida mai fili, za ta zo ɗaukar Saar ran Asabar ta ƙarshen wata.

"Ka gane ko?" in ji Sjoerd. "Idan ta ɗauke ta, me za ta ƙara tambaya ta?"

Na ce na gane.

Ya daɗe yana duban tankin. Babu komai a ciki sai ruwa, da manyan duwatsun kogi uku, da wani katako da Saar take hawa ta sha ɗumin fitila. Ƙasan gilashi ne tsirara.

"Dubi nan, Douwe. Wannan ai kurkuku ne. Ni da na daɓe rabin garin nan, a ce a falona akwai ƙasa ba daɓe? In ta zo ta ga yadda na gyara shi, ƙila ta ce a bar ta a nan. Ko dai ta zauna ta sha kofi."

Washegari ya mayar da Saar bahon wanka, ya zubar da ruwan, ya hau goge gilashi. A gefen tankin akwai wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, an manna ta tun Froukje tana firamare. Ya ɓamɓare ta ya ajiye a kan tebur. Ni ban iya karatu ba sai da na haura hamsin, shi ya sa ba na wuce rubutu ban tsaya ba. Na bi shi da yatsa, na karanta a fili: "Kada a sa dutsen da bai kai kan Saar girma ba."

"Rubutun 'yar shekara tara," in ji shi. "Kai da ka koyi baƙi jiya, yau kai ne malamin kififiya?"

"Abin da aka rubuta na faɗa."

"Dutse za ka koya mini? Miƙo guga, tsohon banza."

Na miƙa masa guga.

Kwana huɗu ya yi a durƙushe a kan kujera, rabin jikinsa a cikin tanki. Ya sayo tsakuwa buhu uku, ja da fara da baƙa, kowace ƙwaya kamar wake. Ya wanke ta sau biyar. Ya ja zare, ya jera ta ƙayar kifi, irin jerin da ya yi a dandalin coci, ja da baƙa a tsakiya, fara a baki. Ya gina 'yar gada da gutsattsarin bulo, ya kafa kututturen da ya dafa yini guda don kada ya rina ruwa, ya dasa ciyayi a bayansa. Duwatsu ukun nan ya kai su lambu. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka a cikin gida ba, kuma na faɗa masa.

Da aka mayar da Saar, ta zagaya sau biyu, ta sa baki ta ɗauki farar tsakuwa ɗaya.

"Ga mai duba aiki ta iso," in ji Sjoerd, har da dariya. "Duba da kyau, hajjaju, ba za ki sami kuskure ba."

Bayan kwana goma ta daina cin abinci. Ya ba ta kifi ta kau da kai. Ta daina hawa katako, tana yawo a saman ruwa gefe ɗaya a karkace. Ran Alhamis muka sa ta a kwali muka kai wa likitar dabbobi. Ta ɗauki hoton cikin, ta kunna mana a bango. Ga tsakuwar nan a jere, fara fat, tun daga ciki har hanji, ƙwaya tana bin ƙwaya.

"Farar suke ɗauka ƙashi ne ko ɓawon dodon koɗi," in ji likitar. "Ba a sa musu ƙanana. Ba wanda ya faɗa maka?"

Ta ce hanjin ya toshe ya fara ruɓa, kuma a shekarunta ko an yanka ƙirjin da wuya ta farka. Ta yi mata allura, ta ce a ajiye ta a ɗumi, a jira.

A mota na ce, "Kira Froukje."

"Bari ta ɗan farfaɗo tukuna."

"Sjoerd."

"Na ce bari ta farfaɗo! In kira in ce mata me?"

Ina ganin ya kamata in sake faɗa, amma ban sake ba.

Ran Juma'a ya kwashe tsakuwar kaf da hannu, ya dawo da duwatsu ukun daga lambu, ya wanke su, ya ajiye kowane a gurbinsa. Har takardar ya nemo ya sake mannawa, ta ɗan karkace, ya ɓare ya daidaita. Saar tana cikin kwali kusa da hita, idonta a rufe. Da na shiga ran Asabar ƙarfe goma, ta riga ta mutu, ya naɗe ta a tawul. Ya zuba kofi uku.

Froukje ta iso sha ɗaya da rabi, riƙe da robar wanki da jiƙaƙƙen tsumma a ciki. Ta yi furfura a gefen kunne, irin ta uwarta. Ta gaishe ni. Ta dubi tanki, ta dubi tawul a kan tebur, ta dubi buhunan tsakuwa a bakin ƙofar baya. Ba ta buƙaci bayani ba. Ta buɗe tawul ɗin, ta shafa wajen da ƙoƙon bayan ya ɓalle tun ranar da ta yar da ita tana ƙarama.

"Yaushe ka sani, Baba?"

"Alhamis."

"Alhamis." Ta gyaɗa kai. "Awa biyu ce tafiyar. Ka sani ai. Awa biyu."

"Na so in gyara mata wurin ne, ki zo ki gani. Akwai ma hoton daɓen. Kofinki yana hucewa."

Ta sa Saar a cikin robar, ta rufe da tsumman da ta jiƙo don tafiya. Ta ce mini, "Sai wata rana, Kawu Douwe." Ta fita. Ta ɗora robar a kujerar gaba, ta ɗaure ta da bel, ta zagaya ta shiga.

Sjoerd ya bi ta da safa a ƙafa, ya tsaya a kan bulon da shi ya shimfiɗa. Ta riga ta rufe ƙofa ta tayar da inji, gilashi a sama. Mai gidan burodi tana tsaye a ƙofarta, ta ji, ni ma na ji.

"Froukje," in ji shi. "Ban kira ki ba. Sau biyu ban kira ki ba. Ki yafe mini."