Ruwan da Ba a Surkawa

"Wayyo Iya, a ɗan surka!"

"Ba a surka ruwan jego," in ji Iya Adama. Ta sake tsoma ƙullin ganyen darbejiya cikin tukunyar, ta ɗago shi yana tururi, ta fyaɗa a gadon bayan Mu'minatu. "Juyo. Ashe 'yan Miga ragwaye ne?"

"Mu a Miga ba a dafa mutum da ransa."

"To a Dutse ana dafawa. Juyo."

Mu'minatu ta juyo, dariya da hawaye sun haɗe mata. Kwana goma sha biyu ke nan da haihuwarta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Iya Adama da na Isah, mijin Mu'minatu, a Limawa, ita ma gajeriya, ta kanta ake miƙa aron rariya. Isah birkila ne. Ya ɗauko Mu'minatu daga Miga lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, gine-gine suka yi ta tashi a gindin duwatsu. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin wankanta, amma mahaifiyar Mu'minatu ta daɗe da rasuwa, gwaggon da ta zo suna kuma girbi ya mayar da ita ƙauye washegari. Iya Adama ta haifi tara, ta yi wa 'ya'yanta mata huɗu wanka da hannunta. Ita ta tare Isah a zaure.

"Ka bar min ita. Ranar arba'in zan miƙa maka matarka garau."

Isah ya sa aka jibge amalanken itace a ƙofar gida. Iya Adama ta ɗauki gawayi, kullum in an gama wankan yamma sai ta ja zane ɗaya a jikin katangar.

Ba ta yi ha'inci ba. Safe da yamma ruwa sai ya tafasa ya yi ɓalɓal. Bayan wanka ga kwano cike da kunun kanwa, ba ta tsakurar kanwar, don nono ya kawo, sanyi ya fita. Jaririn sunan kakansa aka sa masa, ana kiransa Baffa. Ya yi kumatu. Uwar ma ta ciko, mata masu zuwa barka suna cewa jego ya karɓe ta.

A zane na ashirin da uku silifa ya ƙi shiga ƙafar Mu'minatu. Iya Adama ta danna babban yatsanta a sangalin, ta ɗaga. Ramin ya zauna, bai taso ba.

"Sanyi ne," ta ce. Ta tuna ranar da ta makara a gidan gaisuwa, ruwan ya ɗan huce kafin ta dawo. Ta ɗora wa kanta laifi. Ta ƙara itace, ta ƙara kanwa.

Tari ya biyo baya. Mu'minatu ta daina kwanciya, sai ta jingina da bango, filo biyu a bayanta. Daga ɗaki zuwa makewayi sai ta tsaya ta dafa turmi. Kowace safiya Isah yakan leƙo, cebur a kafaɗa.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Sai ya fita. Me zai tambaya bayan wannan? Sha'anin mata ne, kuma yana hannun wadda ta sani.

Ranar talatin da ɗaya Malama Rabi'atu ta shigo barkar da ta makara. Malamar asibiti ce, haya take yi a bayan layin. Ta ajiye sabulun da ta kawo, ta zuba wa mai jego ido, murmushinta ya ɗauke.

"Iya, tun yaushe take haka?"

"Sanyi ne, muna kan fitar da shi."

"A kai ta asibiti yau."

"Mai jego a titi kafin arba'in? Iska ta buge ta ki ce me? Ku 'yan boko komai sai allura."

"Iya, bar kallon ƙafar. Don Allah ki yi shiru ki saurari numfashinta."

Iya Adama ta kasa kunne. Ɗakin ya yi tsit. Sai ta ji abin da ta kwana takwas tana ji ba ta saurara ba: wani ƙurƙur a ƙirjin yarinyar, kamar ana busa kara a cikin ruwa.

Ba ta aiki kowa ba. Ta yafa mayafi, ta taka har wurin ginin da Isah ke aiki, ta ratsa leburori da tulin bulo, ta tsaya a gindin tsani.

"Malam Isah, sauko."

"Lafiya, Iya? Ai da safe ta ce da sauƙi."

"Babu sauƙi. Sauko."

A asibiti likita ya daɗe yana ɗora abin saurare a ƙirjin Mu'minatu. Malama Rabi'atu ce ta fito baranda ta zauna kusa da Iya Adama a kan benci. A ƙasan bencin akwai filas, kunun kanwa ne da tsohuwar ta dama a gurguje don kada mai jego ta rasa na yamma.

"Zuciyarta ce ta gaji, Iya. Ruwa ya taru a huhunta. Likita ya ce a daina kanwa, tana riƙe ruwa a jiki. Zafin wankan ma yana ƙara wa zuciyar aiki."

"Ni jego tara na yi. Ko ciwon kai."

"Haka ne. Wata zuciyar tana ɗauka, wata ba ta ɗauka. Wata ma ko ba wankan ciwon yakan same ta."

"Amma ni da na ga kumburin, ƙarawa na yi."

Iya Adama ta dubi tafin hannunta, duk kanta da tabon wuta. Ta ɗauki filas ɗin, ta zagaya bayan ɗakin, ta juye kunun a gindin wata darbejiya. Ta tsaya har ƙasa ta shanye.

Kwana shida ta yi a gefen gadon, Baffa a bayanta. Kumburin ya saɓe kaɗan, ya dawo. Isah yakan zo ya tsaya a bakin ƙofa, hula a hannu, ya daina tambayar yaya jikin.

Ana gobe za ta cika, bayan la'asar, Mu'minatu ta buɗe ido.

"Iya, kin yi shiru kwanan nan. Ba tsiya, ba gori."

"'Yar nan, ni na ja miki. Ki yafe min."

"Kai, Iya." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Tun da Inna ta rasu ba wanda ya taɓa cuɗa min baya. Sai ke. Ko da zafi, daɗi nake ji."

Iya Adama ta kawar da kai wajen taga.

"Saura kwana nawa arba'in?"

"Huɗu."

"In mun koma gida, za ki surka?"

"Zan surka."

"Ashe a Dutse sai an kwanta asibiti ake samun rangwame."

Ta so ta yi dariya, tari ya hana. Iya Adama ta tallafo ta, tana shafa bayan a hankali har ya lafa.

Da hantsi ranar Alhamis ta cika. Kafin azahar an kawo ta gida, maza sun cika ƙofa, mata sun cika tsakar gida. Matar liman ta tambaya wa zai yi wanka. Duk suka dubi Iya Adama.

Ta kwance Baffa ta miƙa wa wata mai goyo. Ta zaro itace uku daga ragowar amalanken, ta hura murhun da ta saba, ta ɗora tukunyar. A jikin katanga zanen gawayi ya tsaya a talatin. Ruwa bai ko fara kuka ba ta sauke. Ta juye a bokiti, ta zuba ganyen magarya, ta ɗebo na randa da ƙwarya ta zuba. Ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannunta kamar mai shirin wankan jariri. Ta ƙara ƙwarya ɗaya.

"Iya, ai ya yi haka," in ji matar liman. "Maza na jira."

"Su jira."

Ta sake tsomawa, ta ɗan tsaya, idonta a rufe. Ta ɗebo rabin ƙwarya ta tsiyaya a hankali ta gefen bokitin. Sannan ta ɗauka da hannu biyu, ta nufi ɗakin, ko ɗigo bai zuba ba.