Kunnen Mevrouw Godelieve

Fim ɗin ya iso garinmu a watan Maris, lokacin da iskar teku ke kora kowa cikin ɗaki. Labarin wasu ɗaliban jami'a ne da suka iya lissafa karta a ka, suka yashe gidajen caca suka fita da jakunkuna. Ban ga laifin masu fim ba, sana'arsu ke nan. Wanda na ga laifinsa shi ne manajanmu, Meneer Dewulf, da ya je ya kalla har sau biyu ya dawo kamar an yi masa rasuwa.

Sunana Lieselot, ina raba karta a teburin ashirin-da-ɗaya a gidan cacar da ke bakin teku. Lissafi na karanta a jami'a, saboda haka na san abin ba sihiri ba ne. Mai lissafin karta yana lura da katunan da suka fita daga akwati, in ya ga manya sun fi yawa a cikin sauran sai ya ƙara kuɗi. Ana iya yi, amma yana son dogon horo da natsuwa irin ta dutse, ribar kuma 'yar ƙarama ce. Fim bai faɗi wannan ba.

Kafin mako ya zagayo samari suka cika mana gida. Baƙin tabarau a cikin ɗaki, hula ta rufe goshi, leɓe na motsi kamar masu addu'a. Wani ma da yatsunsa yake ƙirga a ƙarƙashin tebur. In mai kawo kofi ta ce masa "Da madara?" shi ke nan lissafi ya watse, sai ya ƙara kuɗi don huce haushi. Tunda na fara aiki ban taɓa ganin mutanen da ke asara da fara'a irin tasu ba.

Amma Dewulf ɓarayi yake gani. Ya ce jan katin robar da muke sokawa a ƙarshen akwati, mai nuna inda za a tsaya a sake cakuɗa karta, a dawo da shi tsakiya. Ya rage abin da ake biyan wanda ya buga ashirin da ɗaya cif. Sannan ya sayo injinan cakuɗa karta, waɗanda ke haɗiye kati suna amayo shi ba tsayawa, yadda babu lissafin da zai yi aiki.

A taron ma'aikata na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan ba su iya komai ba. Waɗanda ka cuta su ne tsofaffin da suka shekara da shekaru suna zuwa mana. Ka rage musu biya saboda fim!"

Ya ce, "Lieselot, kin kalli fim ɗin kuwa?"

"Na karanta lissafin."

"To je ki kalla tukuna."

Na waiwaya in ga mai mara mini baya. Abokan aikina kowa ya ƙura wa kofinsa ido. Mutanen da za su yini suna gunaguni a ɗakin hutu, amma gaban manaja sai ka ce an ɗinke musu baki. Wannan halin shi ya fi ƙona mini rai, ya fi injin ma.

Tebur ɗaya ya tsira, nawa, tebur na uku, don injinsa ya iso a lalace an mayar. A nan Mevrouw Godelieve, wato Uwargida Godelieve a harshenmu, ke zama kullum da la'asar, a kujerar ƙarshe ta hannun dama. Tsohuwa ce da mijinta, matuƙin jirgin kamun jatan lande, ya rasu ya bar ta ita kaɗai a gida. Mafi ƙarancin kuɗi take sawa, kuma ba ta damu da ci ko faɗuwa ba. Abin da ke kawo ta shi ne lokacin da akwati ya ƙare na tsaya cakuɗa karta da hannu. Nan take ɓare takardar wafel ɗinta, wata irin waina mai zaƙi, ta ba ni labarin gwiwarta da na maƙwabcinta mai kare. Inji ba ya tsayawa, balle a yi hira.

Sai ga abin da Dewulf bai hango ba. Fim ɗin da ya tsorata shi, shi ne ya koya wa samarin cewa teburin inji ba wurin gwani ba ne. Suka watse daga sauran tebura suka yo kaina. Tun kafin a buɗe ƙofa suke layi. Da Godelieve ta iso da sandarta, ta tarar da wani dogon saurayi mai suna Wannes ya baje a kujerarta.

Ta tsaya a bayansa har dare. Kashegari ma haka. Rana ta uku ta raɗa mini, "'Yata, ina ga zuwana ya ƙare. Ƙafar nan ba ta tsayuwa."

Na je wurin Dewulf na ce a keɓe mata kujera. Ya ce doka ba ta ba da dama ba, wanda ya riga zuwa shi ke zama. Na je wurin Wannes na gaya masa gaskiya tsirara: "Malam, ba ka iya ba. Kuɗinka kake zubarwa. Tashi ka ba tsohuwa wuri, ka je ka sayi takalmi."

Ya kashe mini ido ɗaya. "Haka suke cewa a fim. Mai raba karta ba ta son gwani."

To, tunda gaskiya ba ta shiga, na ce bari in yi masa magana da harshen da yake ji.

Godelieve tana da na'urar ji a kunnen hagu, tsohuwa ce, takan yi ƙara, don haka kullum hannunta na kan kunnen tana gyarawa. Da na tsaya cakuɗa karta, na sunkuya kamar ina tattara katuna na ce wa Wannes a hankali, "Kada ka waiwaya. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa matar nan ta daɗe tana zuwa, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta a fusace?"

Ya waiwaya mana. Daidai lokacin Godelieve ta ja kunnenta.

"Alama ce?" Ya tambaye ni cikin raɗa.

"Ni ban ce komai ba. Akwai kyamara."

Ya miƙe tsam, ya cire tabarau, ya ja mata kujera. "Iya, zauna mana. Mu yara ne, ma tsaya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ashe uwarka ta yi maka tarbiyya, ɓoyewa kake yi."

Kafin rana ta faɗi labari ya game gari. Samari suka yi dafifi a bayanta, suna ɗora kuɗinsu a kan wasanta, abin da dokar gidanmu ta yarda da shi. In ta ja kunne su ƙara. In ta yi atishawa su janye. Wasu suka fara jan nasu kunnen don isar wa na baya. Ita kuwa ta samu masu sauraro irin waɗanda ba ta taɓa samu ba. Tana cewa, "Karen nan na maƙwabcina ya sake tona mini furanni," sai ka ga kawuna na gyaɗawa, ana raɗa wa juna cewa kare na nufin manyan katuna sun taru.

Dewulf kuwa yana ofis yana kallon allon kyamara, ya ga ɗaki guda ana jan kunne. Ya sauko da gudu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Mevrouw, ki yi haƙuri ki biyo ni ofis."

"Me ka ce, ɗana?" Ta ja kunne. Samari uku suka tura kuɗi gaba.

"Kin gani!" Ya juyo kaina. "Ƙungiya ce! Ita ce shugabar! Daga yau an hana ta shiga gidan nan."

Na ajiye katunan na ce, "Ranka ya daɗe, na'urar ji ce. Batirinta ne ya yi sanyi."

"Haka za su ce mana!"

Nan Wannes ya sa baki, ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Kun ji ko? Ba a korar mai asara! Iya, tashi mu tafi. Akwai gidan caca a garin gaba, da motata zan kai ki, kullum ma in kina so."

Sauran suka ɗauka, "Duk inda Iya ta sa ƙafa, nan muka nufa!" Suka fara kwashe kuɗinsu daga tebur.

Dewulf ya dubi kuɗin da ake kwashewa. Duk tsoronsa bai hana shi sanin cewa a watan nan tebur na uku kaɗai ya fi sauran gidan kawo kuɗi ba, kuma masu gidan sun bugo waya sun yaba masa, sun ce dabararsa ce. Ya dubi teburan inji, babu kowa sai masu raba karta suna hamma. Ya dubi ƙofa. Na ga yana auna abin da ya fi tsoro, tsohuwa ko wayar masu gida.

Ya ja ni gefe. "Ki gaya mini tsakaninki da Allah, nawa take ci?"

"Ba ta ci. Kuɗin wafel take barin mana kullum."

"Gwanaye haka suke ɓad da sawu," in ji shi, ya share goshi. "Gara tana nan inda nake ganinta da ta je ta dawo mana da wata fuska."

Ya gyara kwat, ya koma gabanta ya rusuna. "Mevrouw, kuskure aka yi. Kujerar nan taki ce, za a manna sunanki a jiki. Dama tana daidai ƙarƙashin kyamara."

"A haɗa da kofi," in ji ta. Wannan kam ta ji shi sarai.

"A haɗa da kofi."

Na ce tunda baki ya buɗe bari in tura. "Sai kuma biyan da ka rage, ranka ya daɗe, da injinan can da—"

"Lieselot, raba karta."

Zan sake tayar da maganar a taro mai zuwa, ko da ni kaɗai ce a tsaye. Akwati ya riga ya ƙare, na baje katunan na fara cakuɗawa. Godelieve ta zauna daram, ta jingine sandarta, ta jawo hannun rigar Wannes.

"Kai dogo, matso kusa. Ban gama ba ka labarin gwiwar nan ba."