Abin da Allo Ya Yanke

Baƙin addu'ar arba'in sun watse, saura dafaffiyar alkamar sadaka a faranti, sai Mama Veta ta ciro wani faifai daga ƙarƙashin zannuwan gado ta miƙa wa 'yarta Ruxandra. Bidiyon bikin auren Ruxandra ne, kaset na shekara ashirin da biyu da aka juye a faifai. Ruxandra ba ta taɓa kallonsa ba, don ta san wanda babu a ciki: mahaifinta, wanda yau aka yi wa arba'in, da ya rantse ba zai taka daɓen cocin Katolika ba tun ranar da ta zaɓi auren Ferenc, ɗan wannan cocin da ba nasu ba.

"Ya zo," in ji Mama Veta. "Hana ni faɗa ya yi."

Gwaggo Lenuța, ƙanwar marigayin, ta taɓe baki ta ce mamaci ba ya musu, kowa sai ya ɗora masa abin da ya ga dama.

Aka kunna. Hoto ya cika faffaɗan talabijin ɗin da ƙanin Ruxandra ya aiko daga Jamus tare da na'urar kunna faifai. Ga amarya, ga limamin coci an sare masa rabin goshi. Mai ɗauka ya juya kan jama'a, layi bayan layi, har ƙofa. Babu shi.

Mama Veta ta dage cewa a tsohon talabijin ta gan shi, can sama. Ruxandra ta kasa duban ta. In ƙarya ce ta lallashi, gara a ce ba a fara ba.

Ta ɗauki rimot. Rubutun duk Jamusanci ne, kalmomi dogaye kamar igiyar shanya. Ta danna ɗaya da ka, mutane suka baje suka gajarce.

"Ango ya yi tumbi tun bai ci abincin biki ba," in ji Gwaggo. "Ki bar uwarki da tatsuniyarta, 'yar nan."

Ruxandra ta ci gaba da lalube cikin saitin talabijin. Ta shiga, ta fita, ta sake shiga, har ta faɗa kan jerin harsuna, ta gangara ta sami nasu. Sai allon ya fara magana: girman hoto, an sa shi a kan "cika allo". Ƙarƙashinsa akwai huɗu bisa uku, girman hoton tsohon talabijin. Ta daɗe da yatsa a kai kafin ta danna.

Baƙi ya rufe gefe da gefe, hoton ya tsuke, goshin limami ya dawo. Ta mayar baya zuwa wajen jama'a. Sama da ƙofa wani bene ya bayyana, na mawaƙan coci, kuma a ƙarshensa ga mutum tsaye cikin kwat ɗin zuwa kasuwa, hularsa a ƙirji.

Ruxandra ta tsayar da hoton.

Gwaggo ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Can ta ce, a hankali, "Ta matakalar waje ya hau, mai taurin kai. Bai taka daɓen ba."