Hannun Aristeu

Wata huɗu da binne Seu Aristeu, amma shafin wani kantin magani bai daina gaishe shi ba. Matarsa Dona Zuleide ta buɗe wayarsa, sai ta ga: "Aristeu, maganinka ya kusa ƙarewa." An yi masa addu'ar bakwai a coci, an ci, an watse. Abin da take so bai wuce a bar mamaci ya kwanta ba. Ta kai ƙarar kamfanin da ke da kantin.

Lauyanta, Doutor Valdeci, mutum ne mai baki kamar reza. "Dona Zuleide, alƙalan birninmu Recife sun canza. Yanzu ba a cewa an kwashi bayanaina kawai, sai kin nuna inda ya yi miki ciwo."

"In buɗe musu ƙirjina ke nan, Doutor?"

A ɗakin sulhu aka kawo kofi a 'yan ƙananan kofuna. Lauyar kamfanin, yarinya mai ladabin da ke ba mutum haushi, ta ce za ta nuna cewa abin da suka adana ba komai ba ne. Ta kunna kwamfuta, ta buɗo abin da suka naɗa wata rana da Aristeu ya shiga shafin.

Shafin kantin ya fito. Babu wanda ya taɓa komai, sai 'yar kibiyar nan ta kan allon kwamfuta ta motsa. Ta yi sama tana rawa, ta tsaya, ta zaga hagu kamar yadda Aristeu ke juya cokali. Zuleide ta matso kusa da allon. Shekara arba'in ta san hannun nan.

Haruffa suka fara fitowa ɗaya-ɗaya: "Kada ku kawo gida, matata ba ta san ina da..." Suka tsaya. Sannan suka goge kansu, daga ƙarshe zuwa farko.

"Ai ya goge," in ji Zuleide.

"Tsarinmu yana riƙe har abin da aka goge, Dona."

Valdeci ya raɗa mata, "Ga ciwon nan, mun ci shari'a!" Ko kallonsa ba ta yi ba. Tsoro ne ya cika ta, da tausayin mijinta.

"Ku share shi, 'yata. Ku bar shi ya huta."

"Namu za mu share yau. Sai dai tun bara aka sayar wa kamfanonin talla, su ma sun sayar."

"To yanzu yana ina?"

Yarinyar ta duba kwamfutarta, ta daɗe. "Ba mu san wurare nawa ba ne, Dona."