Hoton Albakaye da Kanar

Shekarar da sojojin Turawa suka zo ceton mu, abu na farko da suka ceta shi ne filin kasuwarmu ta Bangukoira. Suka kewaye shi da buhunan yashi da waya mai ƙaya, mu kuma muka koma cin kasuwa a bakin kogi, cikin laka. Aka ce mana duk don tsaronmu ne. Muka yi godiya, tun da masu bindiga ne suka faɗa.

Mijin yayata Arkiya, Albakaye, tela ne, kuma duk garin ba wanda ya kai shi taka tsantsan. Mutanen daji, masu da'awar jihadi, sun ce duk wanda wandonsa ya wuce idon sawu zai sha bulala. Sojoji kuwa da sun ga ɗangalallen wando da gemu sai su kwantar da mutum a rana su yi ta tambayarsa sunan kakansa. Sai Albakaye ya riƙa ɗinka wando mai maɓalli a ƙafa: za ka gona ka naɗe, za ka wuce sansani ka sake. Har limaminmu ya ɗinka.

Wata rana tafintan sojoji ya zo shagon da kakin Kanar ɗinsu, aljihu ya yage.

"Ka ce keken ya lalace," in ji Arkiya daga bakin murhu.

"Keken da yake jin ƙararsa tun daga kan hanya? Aljihu ɗaya ne fa, Arkiya."

"To, Allah ya sa aljihun ya ɗauke mu duka ranar gudu."

Ɗinkin ya yi wa Kanar daɗi. Bayan 'yan kwanaki sai ga motocin yaƙi a ƙofar shago, jirgi na shawagi a sama, awakin unguwa sun watse. Kanar ya sauko da sabon keken ɗinki a kwali. Ya dafa kafaɗar Albakaye, ya ce ta bakin tafinta irinsa ne jaruman da za su kawar da ta'addanci. Jarumin yana murmushin yaƙe, aka ɗauki hoto.

Hoton ya shiga wayar kowa. Har aka buga shi babba aka liƙa a ƙofar sansani, da rubutun da tafinta ya ce ma'anarsa "zukatan jama'a suna tare da mu".

Na ce masa, "Mijin yaya, ka zama babban mutum. Ko hakimi bai samu wannan ba."

"Mahamar, rufa mini asiri. Jiya wani baƙo ya zo, bai kawo ɗinki ba. Ya tsaya ya kalli keken nan, ya ce in gaida abokina Kanar."

Ya je sansani neman a cire hoton. Aka bar shi a rana har la'asar, aka laluba shi, sannan aka ba shi ruwan gora da tabbacin cewa muddin suna nan ko ƙuda ba zai taɓa shi ba.

Gaskiya suka faɗa, muddin suna nan. Da damina ta faɗi manyansu suka yi rigima da manyanmu a can babban birni, sai muka wayi gari motoci suna fita a jere. Sun kwashe injin wuta da tankunan ruwa, har karnukansu ba su manta ba. Hoton ne kawai bai samu wuri a mota ba.

Kafin azahar baburan mutanen daji suka shigo gari. Albakaye bai tsaya kallo ba. Na tura shi cikin kwalekwalen wani masunci, Arkiya da yara suka bi shi, muka lulluɓe shi da taru. Mutanen dajin suka ƙone shagon, amma sabon keken sun ɗora shi a bayan babur a hankali, har da ɗaure shi da rawani kada ya ƙuje. Da alama shi bai yi ridda ba.

Yanzu suna Ayoru, a ƙetaren iyaka, cikin tantin 'yan gudun hijira. Da na kai musu ziyara na tarar da shi yana yi wa maƙwabta facin tanti da allura da zare, idanunsa sun soma rauni. Rediyo na ba da labarin bikin da aka yi wa sojojin a ƙasarsu, an ce sun kammala aikinsu cikin nasara.

Arkiya ta miƙo mini shayi ta ce, "Sha, ƙanena. Ba sukari, amma ai ka ji, mun yi nasara."