Ƙofar Da Ba Ta San Hannuna Ba

Mai gidan hayarmu ne ya wulaƙanta ni, shi da ɗansa mai ɗan tsiron gemu, kuma ba zan yi shiru ba.

Ƙofar gidan nan da mukulli na san ta. Rana tsaka suka cire kwaɗon, suka liƙa wata na'ura wai sai ka ɗora yatsa take buɗewa. Na ce mene ne wannan kuma? Ɗan ya ce, "Ci gaba ne, Iya."

To ni wanki ne sana'ata. Sabulu ya cinye zanen yatsuna tas, sun yi sumul kamar gindin faranti. Na ɗora babban yatsa, na'ura ta yi ƙiii, ta kunna jar wuta. Na ɗora sauran, har yawu na tofa musu. Ja dai.

"Iya, ba ki da yatsa," in ji shi.

"Da me na wanke wandon fitsarinka kana yaro?"

Sai ya kalli ƙasa. "Cire takalmi."

Wallahi na'urar nan ta karɓi babban yatsan ƙafata, ta yi kore.

Tun ranar, in zan shiga gida sai na sauke ƙunshin kaya, na dafa bango, na ɗaga ƙafa har tsayin ƙirji. Tela da mai aski na tsallaken titi sun daina kunna rediyo, ni suke jira. "Ci gaba, Iya, saura ƙiris!"

Duk na shanye. Jiya iyayen mijin 'yata suka zo gaishe ni, muka haɗu a bakin ƙofa. Na yi ta jan gaisuwa ko wani zai fito ya buɗe. Na tambayi yara, na tambayi kaji, har kakarsu da ta rasu sai da na tambaya. Ba wanda ya fito. Surukina ya ce, "Ci gaba mana, muna bayanki."

Na ɗaga. Ƙofa ta buɗe ta tafi da ƙafata, na bi ta da tsalle, na zauna daɓas cikin bahon maƙwabciya. Surukata ta ce sannu, amma kafaɗunta rawa suke yi.

Ɗan mai gida ya ce ba a komawa baya. Madalla, ni ma ba zan matsa ba. Ga ni zaune a bakin ƙofa, kayan wankinsu duk suna ƙarƙashina, jiƙaƙƙu. Ina nan sai mai gida ya fito da mukullina a hannu. Ya cire takalmi a gaban tela da mai aski, ya ɗaga ƙafa, ya gaya mana ci gaban wa ke nan!