Kwas ɗin da Dudu ya zaɓa wa Murjanatu

Dudu ne ya riga kowa gani a Wara cewa jikarsa Murjanatu 'yar littafi ce, tun tana tsince takardun ƙunshin ƙosai tana jera su a ƙarƙashin gado. Shi bai san ko bihim ba, amma ya ga ruwan Kainji ya haɗiye garinsu, jirgi ya kife da shi sau biyu, ya fito da ransa. Mutum irin wannan ba a yi masa gardama.

Da ta kai aji uku a jami'a, inda take karatun kula da laburare, ta zo hutu ta iske shi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi.

"Kaka, an ba mu zaɓi tsakanin kwas biyu. Ɗaya na adana littattafai a kwamfuta, ɗaya na gyaran tsofaffin littattafai da ɗinke su."

"Amaryata, ita kwamfutar da me take aiki?"

"Da wuta."

"Wuta? Saboda wuta aka tashe mu shekara hamsin da ɗoriya, har yau da cocila muke shiga ɗaki. Ɗauki ɗinki. Da allurar nan na ciyar da Innarki."

Ta ɗauki ɗinki.

Bayan bautar ƙasa aka nemi ma'aikaci a laburaren wata kwaleji. Tambayar farko ita ce ko ta iya shigar da littattafai a kwamfuta. Ƙawarta Lydia 'yar Shanga, wadda ta bi ɗayan kwas ɗin, ita aka ɗauka. Murjanatu ta gwada wuri uku, tambayar ba ta sake ba.

Yanzu tana da 'yar rumfa a kasuwar Yelwa kusa da masu kifi, tana ɗinke yagaggun littattafan 'yan makaranta. Ba ta taɓa yi wa Dudu ƙorafi ba, wannan kuwa shi ke cinsa. Ran nan a kan kabukabu ya wuce ta gaban kwalejin, ya ga farantan sola jere bisa rufi. Ruwa ya sani ciki da waje, bai taɓa kawowa rana za ta ba da wuta ba.

Ya zauna bakin rumfar har la'asar, ya kasa buɗe baki ya ce ta yafe masa. Sai ya ɗauki littafi ɗaya da ta gama, ya ɗaga wa masu kifin. Ita ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ni na ce ta koyi wannan. Mai shakkar hannunta, ga shi, ya zo ya fizge shafi ɗaya in ya isa."